Kurma da makauniya na son shiga ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, a me za su fito?

Darakta_Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema daga waɗanda suka riga ni a harkar wasan daɓe, musamman wanda ya taɓa aiki da kurame ko makafi.

Ina riƙe da wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo a cikin birnin Kano. Mu ba 'yan fim ba ne. A cikinmu akwai tela, akwai malaman firamare, akwai ɗan adaidaita sahu, da 'yan mata masu karatu a kwalejin ilimi. Asabar da Lahadi bayan la'asar muke rihazal a wani aji da hedimasta ya ara mana. Mukan fito a bikin yaye ɗalibai, ko in wata ƙungiya ta ɗauke mu aikin wayar da kai a kan rigakafi ko shaye-shaye, mu yi a ƙofar gidan mai unguwa.

Bayan ƙaramar salla mutum biyu suka nemi shiga. Ɗaya saurayi ne kurma, a makarantar kurame da makafi ta Tudun Maliki ya yi karatu, yanzu gyaran waya yake yi. Fuskarsa kaɗai ta isa wasa. In ya kwaikwayi mutumin da ya kawo waya ta faɗa ruwa yana ta rantsuwa cewa haka kawai ta ɗauke, sai ka riƙe ciki. Ɗayar makauniya ce, malamar Islamiyya. Murya gare ta wadda ko babu lasifika ana jin ta daga ƙarshen layi, kuma in ka karanta mata magana sau ɗaya ta zauna.

Na karɓe su, wannan ba na ko tantama. Inda gizo ke saƙar shi ne, a me za su fito? Babban ɗan camamarmu, wanda ya girme ni kuma da shi aka kafa ƙungiyar, cewa ya yi a rubuta fitowar mabarata a bakin masallaci ko a danja, su fito a nan, wai ta dace da su. Wasu suka goyi bayansa, kuma da zuciya ɗaya suka yi: 'yan kallo za su tausaya, masu ɗaukar nauyi za su ji daɗi. Ni raina bai kwanta ba. Yaron nan bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, shi ke biya wa ƙannensa kuɗin makaranta. Malama kuwa iyayen yara ke rusunawa su gaishe ta. In muka ɗora su a daɓe da ƙoƙon bara, mun shaida wa unguwa duka cewa iyakar abin da muka gani a tare da su ke nan. Ƙasar da ta haifi Aliyu Namangi na Zariya, makahon da waƙensa suka shiga kowane gida har malaman jami'a ke nazarinsu, bai kamata a ce mun rasa abin ba makauniya sai bara ba.

Abin da nake so shi ne shi ya fito a mai sana'a, ko saurayin da ke neman aure, ko ma macucin labarin. Ita kuma ta fito a uwar gida, ko uwar miji mai faɗa, ko dattijuwar da ake kai wa ƙara ta sasanta. Kurmancinsa da makantarta suna nan a fili, ba wanda zai ɓoye, amma labarin yana tafe ne a kan bashi, ko kishi, ko gado, kamar na kowa.

Akwai kuma wata. Shi wannan yayan namu yana da wata fitowa da ya daɗe yana yi: kurma ya je asibiti, likita na cewa ciwon kai shi yana jin kunun kanwa. A nan muke samun dariya mafi yawa. Sabon yaron namu ya taɓa kallonta a wani taro. Ya rubuta mini a wayarsa cewa bai taɓa ganin kurma mai yin haka ba, kuma washegarin wasan haka yara suka riƙa bin sa suna yi masa ihu a kunne. Ina son a jingine fitowar, amma ba na son ƙungiya ta rabe, domin mutumin nan ya ba wasan daɓe ƙuruciyarsa.

To, yaya ake rihazal da wanda ba ya jin lokacin shigowarsa? Yaya Malama za ta san bakin daɓe? Kuma me zan ce wa yayana da zai gamsu ba tare da ya ji an ci fuskarsa ba? Allah ya saka da alheri.

Malamar_Kurame ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi maka albarka da ka yi wannan tambayar. Ina koyar da yara kurame, bari in faɗi abin da na sani.

Fara da gano wace maganar hannu yake yi, domin iri biyu ce a Kano. Akwai ta makaranta, wadda asalinta daga ta Amurka ne. Wani kurma baƙar fatan Amurka, Andrew Foster, shi ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, daga nan ta bazu a makarantun ƙasar nan. Akwai kuma tamu ta gargajiya, wadda kuramen birni da ƙauye suka gada tun kafin zuwan boko, ita ce za ka ga dattawan kurame na yi a majalisarsu. Yaron da ya yi Tudun Maliki yawanci yana jin duka biyun. A daɓe ta gargajiyar za ta fi yi muku amfani, saboda Bahaushe mai ji ma yana gane da yawa daga cikinta: alamar kuɗi, alamar mace, alamar tafiya, duk muna yinsu a kasuwa.

Kada ka miƙa masa takardar wasa ka ce ya haddace. Rubutacciyar Hausa ba ita ce harshensa na farko ba, wataƙila ma ya fi sabawa da rubutun Turanci tunda da shi aka koyar da shi. Ku yi masa labarin a aikace daga farko har ƙarshe, ya san wane ne kowa da abin da kowa ke nema, sannan ka bar shi ya gina nasa. Za ka sha mamakin abin da zai kawo.

Lokacin shigowa kuwa da ido ake ba shi. Ku tsayar da alama a cikin wasan kansa: in wance ta ajiye tire, ya shigo, in wane ya cire hula, ya juya. Ganga ma tana aiki, in daɓen na katako ne yana jin dukanta a ƙafarsa. Kada a yi masa magana ta baya, kada mai magana ya rufe bakinsa. In wasan dare ne, haske ya sauka a kan hannuwansa da fuskarsa. Kurma a duhu an toshe masa baki ke nan.

Abin da ake yawan mantawa shi ne hira. Za a gama fitowa, a zauna ana gardama a kan gyara, ana dariya, shi yana zaune yana kallon bakuna. Nan ne suke gajiya su daina zuwa, ba wanda ya kore su. Ku nemi mai fassara a rihazal, ko da ɗan'uwansa ne, kuma kowane ɗan ƙungiya ya koyi gaisuwa da 'yan alamu. Ranar wasa ku ware wa kurame layin gaba, mai fassara ya tsaya inda za su gan shi su kuma ga 'yan wasa ba sai sun yi ta juya wuya ba. In labari ya kai majalisarsu cewa nasu zai fito, wallahi za ku rasa wurin zaunar da su.

Baba_Tsohon_Daɓe ya rubuta:

Ɗana, na karanta. Tun zamanin da gidan talabijin na CTV Kano ke tashe nake wannan harka, ka saurari tsoho ko da ba za ka ɗauka ba.

Wasan Bahaushe da zolaya aka gina shi. Dubi tashe: daga goma ga azumi yara za su sa gemun auduga su kwaikwayi tsoho, su yi wa malam ka yi rawa, Nalako, sarkin gwagware, ya bi gwagwaren da kiɗa har ƙofar ɗakinsu. Ba wanda aka bari. In ka fara cire wannan don kada wane ya ji haushi, gobe ka cire wancan, za ka wayi gari da wasan da ba mai tsayawa kallo. Mutanen da ka tara a ƙofar mai unguwa ba tikiti suka saya ba, in ba su yi dariya ba watsewa za su yi, saƙon rigakafin naka ya tafi a iska.

Abin da ya fi damuna kuma shi yaron ne. Ka sa shi ya fito a mai neman aure, ka san yaran unguwa? In suka fashe da ihu a inda ba na dariya ba, shi ba ya ji, amma zai gani a fuskoki. Wa zai tare masa? Ka tabbata ya san abin da zai iya tararwa, kuma ka sa manya a cikin 'yan kallo masu tsawatarwa.

Ban ce ka ba su bara ba. A nan kana da gaskiya. Kuma kafin ka fito da Malama, ka je ka gaida Sarkin Makafi ka sanar da shi. Suna da sarautarsu da tsarinsu tun kaka da kakanni, ba a shiga sabgarsu ta taga. Yayan naka kuwa ka same shi a gida, kai kaɗai, ba a gaban yara ba.

Ladi_Samaru ta rubuta:

Ina gaida Baba, ina gaida Darakta. Ni 'yar kudancin Kaduna ce, Kirista, da Hausa na tashi, kuma a Jami'ar Ahmadu Bello na karanci wasan kwaikwayo.

Darakta, ka tambayi kowa a me za su fito, amma ban ga inda ka ce ka tambaye su ba. A Samaru, inda jami'ar take, wannan ne darasin farko. Tun da aka fara sashen a 1975 a ƙarƙashin Michael Etherton, aka gina gidan wasan nan na ƙasa mai siffar gidan Bahaushe, hanyar da aka bi ita ce a je wurin mutane. A 1977 aka kai Wasan Manoma garin Soba. Daga baya malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka gane cewa kai wa ƙauye wasan da aka dafa a jami'a bai isa ba, sai mutanen ƙauyen sun faɗi damuwarsu da bakinsu, sun tashi sun taka da kansu. Ka zaunar da su biyun, ka ce su ba ka labarin abin da ya fi ba su dariya da abin da ya fi ƙona musu rai a mako guda. Wasanka na gaba yana ciki.

Na san zafin abin da kake gudu. Na yi wasa da ƙungiyoyi a gari, kuma duk sanda aka zo rabon matsayi, ni ce mai gidan burkutu, ko matar bariki, ko 'yar aikin da ba ta iya Hausa ba, alhali Hausar da nake yi ta fi ta wasu masu rabon. Ba wanda ya zage ni. Kawai ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa zan iya fitowa a nas ko uwar amarya. Kuma tarihin wasan Hausa bai goyi bayan wannan ba. Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 2023, Banufe ne daga Pategi ta jihar Kwara. Tsohon soja ne, ya kawo Hausar bariki da ya rayu a cikinta, shi ya sa har sojoji ke ganin kansu a wasansa suna dariya. Mutum ne ya fito da abin da ya sani daga ciki.

Kada ka manta da guragu. Kano ta sha wahalar shan inna, akwai samari da yawa a kan keke waɗanda ko kallo ba sa zuwa saboda matattakala. Wasan ƙofar mai unguwa ya fi kowane zaure a nan, tunda ƙasa ce shimfiɗe. In zaure aka ba ku, ƙa'idar gangare ita ce duk tsayin ƙafa 1 na dakali a ba shi gangare mai tsawon ƙafa 12, in ya gaza haka mai keke ba zai hau shi kaɗai ba. Kuma kuna da abin kafa hujja: dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya wuce.

Ɗan_Damagaram ya rubuta:

Salamu alaikum mutanen Kano, daga Zinder. Baba, Allah ya ƙara girma, ina son in taɓa maganarka ta zolaya.

Mu nan mun san zolaya. A wasan kara namu talaka yana shiga kayan gwamna ya kwaikwaye shi, gwamnan na zaune yana kallo. Teyatur ɗin su Yazi Dogo da muka tashi muna gani a tele ba wanda ta ƙyale, alhaji ne ko ma'aikacin gwamnati. Wasan taubasantaka na Nijar har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin gadon duniya a 2014. Amma ka duba yadda yake tafiya. Bafillace ya zolayi Babarbare, Babarbare ya rama nan take. Banufe da Bakatsine haka, ku Kanawa da Zage-zagi haka. Daɗinsa ramuwar ce, kowa na da baki. Gwauron da Nalako ya kama, baɗi yana iya yin aure ya zo ya yi wa wani dariya.

Kurman da ke cikin 'yan kallo fa, ta ina zai rama? Bai ji abin da aka faɗa ba, ya dai ga an nuna irinsa jama'a ta kwashe da dariya. Don haka ni ban ce a kashe fitowar ba. A shigar da yaron cikinta. Yayan naku ya fito a mai ji wanda ya zo shagon kurma da wayarsa, ya ƙi tsayawa ya kalli hannu, yana ta ihu, yana fassara kowace alama a baibai, har ya biya kuɗin da ba a tambaye shi ba. Dariya tana nan, wataƙila ma ta fi ta da, kuma tsohon ɗan wasa bai rasa fitowarsa ba, abokin karawa ya samu.

Maman_Khalifa ta rubuta:

Malam, kowa ya yi maganar saurayin, bari in yi ta Malama, don nata ya ninka: mace ce kuma makauniya.

Kafin komai, gidansu. In tana da aure, mijinta, in ba ta da shi, mahaifinta ko wanda ke tsaye a kanta. Kada ka aika, ka je da kanka tare da wata babbar mace ta ƙungiyar, ka faɗi inda ake rihazal da lokacin tashi. Kun san yadda ake kallon mace 'yar wasa a garin nan. Tun da aka kafa hukumar tace finafinai ta Kano a 2001 ido yana kan mata fiye da maza, ita kuma malamar Islamiyya ce, magana ɗaya za ta iya raba ta da ajinta. A tashi kafin magariba. 'Yan mata nawa ne masu basira suka bar ƙungiyoyi don kawai darakta ba ya duba agogo?

Kuɗin mota kuma na mutum biyu ne, ita da 'yar jagorarta. Ku sa shi a lissafi tun yanzu, kada ku bari sai ta tambaya, don ba za ta tambaya ba.

A daɓe, ku shimfiɗa tabarmi iyakar filin wasan, ƙafarta za ta gaya mata in ta zo baki. Ku zaga da ita wurin tun kafin jama'a su taru, ta taɓa kujera, ta ƙirga takunta zuwa ƙofa. Bayan nan ko buta kada wanda ya gusar bai faɗa mata ba. In ana buƙatar riƙe hannunta, mace ta riƙe, kuma a saƙa shi cikin labarin, 'yarta ce ko jikarta. Maganganunta a tura mata da murya ta WhatsApp. Wanda duk ya shigo fitowa ya yi sallama ko gyaran murya, wannan ma ai tarbiyyarmu ce.

Kuma in an samu ɗan abin da aka samu, kasonta daidai da na kowa.

Darakta_Gwale ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga inda muka kwana.

Anti Ladi, na tambaye su. Malama ta ce uwar miji take so, mai faɗa sosai, ta ce ta gaji da mutane suna lallaɓa ta kamar ƙwai. Mijinta ya amince da sharaɗin ƙanwarsa ce za ta riƙa rako ta. Shi kuma saurayin ya kawo labarin da ban taɓa tunaninsa ba: yadda kurma ke zuwa asibiti da matarsa tana naƙuda, ba mai fassara, ana ta rubuce-rubuce a kansu ba wanda ya dube shi ya yi masa bayani. Ya taka mana shi a ajin ba tare da kowa ya shirya ba, har telanmu ya share hawaye. Wannan zai shiga wasanmu na gaba.

Baba, na sami yayana a gida kamar yadda ka ce, na kai masa shawarar ɗan'uwanmu na Damagaram. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai gwada fitowar shagon waya da yaron ranar Asabar, in ba ta yi armashi ba yana nan a kan tsohuwarsa. Zuwa wurin Sarkin Makafi kuma mai unguwarmu ya ce zai raka ni.

Malama mai koyar da kurame, saura matsala ɗaya. Ƙanin yaron zai iya fassara mana a rihazal, amma ta gida kawai ya iya, kuma ba zai jure tsayuwar wasa guda a gaban jama'a ba. Nawa ake ba mai fassara a taro irin wannan a Kano, kuma mutum ɗaya zai iya ɗaukar wasan awa guda ko sai biyu suna karɓa-karɓa? Ina son in sa shi a takardar kuɗin da za mu miƙa wa masu ɗaukar nauyi kafin ƙarshen wata.